Murya Ta Arba'in Da Ɗaya

"Kashe shi! Auta, na ce ki kashe shi!"

Ina tsakiyar hawan bene ne lokacin da muryar maƙwabcina ta faɗo mini daga ƙofarsu da ke buɗe. Kafin ihun nasa, wani abu ya riga ya tsayar da ni a kan matakala. Kiɗa ne yake tashi daga falonsa, kiɗan da na san zubinsa sarai, domin ta bangon da ya raba gidajenmu na yi shekaru ina jin sa, ko ina so ko ba na so. Amma a ranar, inda ganga ta saba shigowa sai na ji ƙararrawa, inda kuma wata murya mai taushi ta saba ɗaukar waƙar sai wani abu ya kama kuka kamar zarto ya ci karo da ƙusa.

Na shiga ban jira an amsa sallamata ba. Mai Fiyano, kamar yadda duk layinmu ke kiransa, yana zaune a kujerarsa mai hannu, an tokare masa baya da matasai, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan ɗan tebur. Tun da aka sallamo shi daga asibiti da ciwon zuciya ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci. 'Yarsa Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye gaban fiyanon cikin farar rigarta ta aiki, yatsanta bai bar maɓallin da ta danna ba. A gefe, wani mutum mai furfura a gemu yana naɗe bargon da aka lulluɓo fiyanon da shi. Shi ne mai gyaran rediyo da talabijin na bakin titi, wanda ake ce wa Injiniya. Maman Auta ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfar sabulu.

"Me ka yi masa?" Mai Fiyano ya tambaya. Ya daina ihu, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Batir kawai na canza, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Sai madannai biyu da suka maƙale, na gyara su. Na hure masa ƙura, kai, ƙurar da na fitar ta isa a shuka gyaɗa."

"Ka cire batirin."

"Ai dole a cire tsoho kafin a sa sabo."

"Da ka kunna shi, me ya nuna maka?"

"Shirme ne kawai a gilashin, haruffan da ba su da ma'ana. Shi ne na yi ta cigiya har na samo sautukansa na kamfani, na zuba masa. Yanzu yana nan kamar ranar da aka fitar da shi daga kwali."

"Kamar ranar da aka fitar da shi daga kwali," maƙwabcina ya maimaita, yana duban silin.

Auta ta juyo. "Baba, kullum yana rubuta cewa batir ya yi ƙasa. Na ce kafin ka dawo daga asibiti in gyara maka, ka samu abin da zai ɗebe maka kewa. Mene ne laifin?"

Mai Fiyano ya juyo. Ni ya duba. "Shehun Tarihi," ya ce, don haka yake tsokanata, "zo ka ga yadda ake ƙona gari ba tare da hayaƙi ba."

Ya kamata in tsaya nan in yi bayani, domin ni ma sai da aka maimaita mini sau da yawa kafin abin ya zauna a kaina. Ni malamin tarihi ne, na koyar har na yi ritaya, kuma ko gwangwani ban iya kaɗawa ba. Abin da na sani game da kayan kiɗa, a bakin wannan mutum na tsince shi.

Fiyanon lantarki irin nasa ba shi da tsirkiya ko fata a ciki. Yana da gidajen ajiyar sauti guda ɗari da ashirin da takwas, kowanne da lambarsa. A shekarar 1983 manyan kamfanonin kayan kiɗa suka amince da harshe ɗaya da na'urorinsu za su riƙa magana da shi, wanda ake kira Midi. Wannan harshe ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, umarni kawai yake ɗauka. Wani saƙo ya ce, danna wannan madanni da ƙarfi kaza. Wani ya ce, sake shi. Wani kuma, wanda shi ne ya shafi labarin nan, ya ce, tafi gida mai lamba kaza ka fito da abin da ke ciki. Saƙon bai san wanda ke zaune a gidan ba, bai kuma damu ya sani ba. In sarewa ce a ciki, sarewa za ta fito. In jaki aka ɗaure, jaki zai yi kuka a tsakiyar waƙarka, a daidai lokacin da ka tsara, da daidai ƙarfin da ka nema.

A 1991 aka sake shawara, aka tsara jeri guda na kowa da kowa, wanda ya fara da fiyanon katako ya ƙare da ƙarar bindiga, domin waƙar da aka rubuta a wannan na'ura ta fito daidai a waccan. Maƙwabcina bai taɓa yarda da wannan tsari ba. Rigar makaranta yake kiransa, wadda ake ɗinka wa dogo da gajere iri ɗaya. Tun yana matashi mai aiki a situdiyo ya kwashe sautukan kamfani daga gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya gina nasa da hannunsa, yana murɗa wannan, yana rage wancan. Waƙoƙinsa kuwa suna cikin ƙananan faya-fayai masu kusurwa huɗu da ya cika kwalayen takalmi da su, kuma babu komai a cikinsu sai umarni da lambobi. Sautukan kansu suna cikin ƙwaƙwalwar fiyanon, wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga yake riƙe da su. Ya taɓa kwafe su a faifai guda, ruwa ya ci faifan a shekarar da rufin situdiyon ya yi yoyo, ya yi ta cewa zai sake, bai sake ba.

Saboda haka waƙoƙin suna nan daram, ko ɗigo bai ɓace ba. Amma duk gidan da suka ƙwanƙwasa, baƙo ne yake buɗe musu ƙofa.

Injiniya ya fita a ranar yana ta ba da haƙuri, har ya manta sukudirebansa a kan tebur. Auta ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Maman Auta ta koma ga wanke-wankenta, na ji kwanuka suna ƙara fiye da yadda suka saba.

Washegari da hantsi ya bubbuga bangon da sandarsa, alamar da muka daɗe da ita. Na same shi an jawo fiyanon kusa da kujerarsa, yana kallon hannayensa. Yatsun sun kumbura, suna rawa, ba sa iya kama ƙananan maɓallan.

"Ɗari da ashirin da takwas ba za su dawo ba," ya ce. "Ba ni da wannan numfashin. Amma arba'in da ɗaya za ta dawo."

"Wacece arba'in da ɗaya?"

"Wadda ke ɗaukar waƙar. Sauran duk 'yan rakiya ne. Ganga ganga ce, ko ta kamfani za ta yi. Amma ita, babu faifai ɗaya a cikin kwalayen can da ba ya kiranta." Ya yi tari, ya jira ƙirjinsa ya lafa. "Zan zama kunne, kai ka zama hannu."

"Maƙwabci, ni da ba na bambance sarewa da usur?"

"Shi ya sa na zaɓe ka. Ba ka da ra'ayi. Zauna."

Na zauna. Ta haka na zama ɗan koyo ina da jikoki. Aikin shi ne in danna madanni ɗaya da hannun hagu in riƙe, da hannun dama kuma in riƙa ƙara ko rage lambobin da ke fitowa a ɗan gilashin, shi kuwa ya rufe ido yana saurare. Akwai lambar da ke sa sauti ya faɗo gaba ɗaya kamar an buga ƙofa, ko ya shigo a hankali kamar mai jin kunya. Akwai wadda ke ƙara masa iska, da wadda ke sa shi rawa, da wadda ke tsara yadda zai mutu bayan an ɗaga yatsa.

"Ƙara. Ƙara. Kai, Shehu, na ce ƙara, ban ce ka kai shi kasuwa ba. Dawo baya."

"Na dawo inda muke ɗazu."

"Ba nan muke ɗazu ba."

"Lambar ce dai, ga ta ina gani."

"Lambar ce, amma ba nan muke ba."

Na tambaye shi yadda muryar take, ko na samu abin kamawa. Ya ce rabinta sarewa ce, rabinta kuma mace ce tana waƙa da baki rufe, tana aikin gida, ba ta san ana jin ta ba. Na ce wace mace? Ya buɗe ido ɗaya ya dubi ƙofar kicin, sa'an nan ya rufe.

"Kai dai murɗa," ya ce.

A nan na koyi wani hali na na'urar wanda daga baya ya hana ni sakat. Duk sautin da ake kan ginawa ba ya cikin kowane gida. A tsakar gida yake tsaye, a wata ƙwaƙwalwa ta wucin gadi, har sai an danna maɓallin adanawa an ba shi lamba. Kafin a yi haka, in wuta ta ɗauke, ya tafi. In ka danna lambar wani gida, ya tafi. In ka sa faifai, saƙon farko da zai aiko shi ne na zaɓen gida, kuma nan take sabon ya kori wanda ke tsaye. Wutar unguwarmu kuwa ba ta da alƙawari. Wata rana muna tsaka da aiki, bayan mun shafe safiya guda, fanka ta tsaya, gilashin ya yi baƙi. Na tashi tsaye don takaici.

"Ka gani? Da mun adana! Ko a wani gida dabam ne, mu ajiye na yau, gobe mu ɗora a kai. Ko kuwa ka bar ni in rubuta lambobin a takarda. Duk wata al'umma da ta bar abin tunawa, kwafi ta yi."

"Zauna, kada hawan jininka ya riga ciwona." Ya gyara matashi. "In na ajiye na yau, gobe shi zan fara ji. Jibi kunnena ya saba da shi. Kafin mako ya zagayo na rantse maka shi ne na gaskiya, alhali na gaskiyar ya gudu. Kullum daga farko za mu fara. Ranar da ta zo, zan gane ta, a ranar za a buɗe mata ɗakinta."

Na gaya masa cewa wannan ba hanyar aiki ba ce, taurin kai ne. Ya ce ai taurin kan ne ya gina ta tun farko.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da natsuwa. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya kuma iya tashi. A ɗaga masa ƙafa, a sauke. A buɗe taga, a rufe. Ya ce a kawo ruwa, in an kawo ya ce wa ya aika. Ni ma abin ya bi ni gida. Ina karanta jarida sai in ji sautin nan guda yana yi mini kuka a kunne, ina cin abinci yatsana na dama yana danna gefen faranti. Matata ta ce in dai wannan ne ritaya, gara in koma aji.

Maman Auta ba ta son aikin, kuma ba ta ɓoye ba.

"Malam, kai ne babba, kai ya kamata ka hana shi," ta ce da ni a bakin ƙofa. "Likita ya ce ya huta. Tun ina amarya nake raba miji da wannan akwati. Yanzu ɗan abin da ya rage ma shi zai cinye?"

"Ina jin ki, Gimbiya," ya ɗaga murya daga ciki. "Zuciya ce ta lalace, ba kunne ba."

"To ka ji da kyau. Maganinka na nan tun ɗazu ya zuba maka ido."

Auta kuwa ta daina shiga falon in muna aiki. Takan dawo daga asibiti ta auna jininsa, ta duba ƙafafunsa, ta ƙirga masa ƙwayoyi, duk ba tare da ta kalli inda fiyanon yake ba. Wata rana ya kama hannunta bayan ta cire abin awon.

"Ke, batirin nan ko ba ki taɓa shi ba, da kansa zai mutu. Ni ne na yi ta cewa gobe."

"Amma da ka sake jin sautukanka kafin nan, Baba."

"Na ji su har sun ishe ni. Tafi ki ci abinci, kin rame kamar ke ce marar lafiyar."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta fita da sauri.

Ranar ƙarshe rana ce mai zafi, babu iska. Na shigo bayan azahar na tarar numfashinsa ya canza, yana jan sa guntu-guntu kamar mai hawan tudu. Na ce yau mu bari. Ya nuna mini kujera da sandarsa. Muka fara daga farko kamar kullum, amma bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi ta komawa baya ba. Ya riƙa faɗin abin da yake so a taƙaice, ina yi. Daga sama muna jin takun Maman Auta a kan rufin bene, inda take shanya.

"Iska," ya ce. "Ƙara mata iska. Kaɗan kuma. Rawar ta jira, kada ta fara da wuri. Yanzu danna ka riƙe."

Na danna na riƙe. Sautin ya shigo a hankali, ya tsaya, can ƙarshe ya ɗan girgiza. Ni dai ban ji bambancinsa da na jiya ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji ba. Amma shi ya buɗe idanunsa duka biyu.

"Ɗaga hannunka. Kada ka taɓa komai." Ya ja numfashi. "Kira mini ita."

"In adana tukuna?"

"Kira ta. Ita za ta ce."

Na hau rufin a hankali, domin gwiwoyina ba sa gaggawa. Na same ta da zani a hannu da abin maƙale shanya a baki. Ta ce bari ta ƙarasa wannan ɗaya. Da muka sauko, kansa ya karkata a kan matashi, bakinsa a ɗan buɗe, sandar ta zame ta kwanta a kan ƙafarsa. Ta kira shi da sunan da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba. Ta sake kira. Sa'an nan ta durƙusa ta riƙe ƙafafun nan masu kumburi, ta fara salati.

Ba a daɗe ba gidan ya cika. Auta ta iso a guje daga wurin aiki. Aka ɗauke shi zuwa ɗakin ciki, aka fara fitar da kujeru don a shimfiɗa tabarmi. A cikin wannan kai da kawo, ni kaɗai nake ganin ɗan gilashin nan yana haske a kusurwa, da muryar tsaye a tsakar gida ba ta da ɗaki. Na rage ƙarar lasifikar har ƙasa, na nemo maɓallin adanawa, na danna. Na'urar ta rubuto mini da Turanci cewa ƙwaƙwalwa a kulle take. Na iya karanta Turancin, amma ban san inda makullin yake ba, kuma maɓallai sun fi talatin a gabana, kowanne yana iya zama wanda zai kore ta. Na janye hannuna na sa a aljihu.

Sai ga yayan maƙwabcina ya shigo, dattijo mai faɗa, wanda tun suna samari bai yarda kiɗa sana'a ce ba.

"Wannan abin har yanzu a kunne yake? A gidan rasuwa? Ku zare shi ku kai baranda, a sa fanka a wurin. Mutane na zufa."

Wasu maza biyu suka nufo. Ban san lokacin da na jawo ɗan teburin da yake ɗora ƙafa ba, na zauna a kai, bayana ya rufe soket ɗin.

"A yi haƙuri, Yaya. Ba za a zare shi yanzu ba."

"Malam, da girmanka? Ƙanena na kwance a ciki, kai kana gadin kayan wasa?"

"Ba ya ƙara, ba ya damun kowa. Akwai abin da ya bari a ciki, in an zare ya tafi."

"Abin da ya bari yana gaban Ubangijinsa. Tashi."

Ban tashi ba. Na koyar da yaƙe-yaƙe da yawa a kan allo, amma ban taɓa tsare wani wuri da jikina ba sai ranar, kuma na ji kunya ƙwarai, don duk falon ni ake kallo. Auta ce ta fito daga ɗakin ciki, idanunta jawur. Ta dubi gilashin, ta dube ni.

"Baba Malam, ya same ta?"

"Ya ce kada in taɓa komai, in kira mamanki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba a adana ba, kuma ya ƙi karɓa daga hannuna."

Ta juya wurin yayan mahaifinta. "Baffa, don Allah a bar shi. Sau ɗaya na sa aka taɓa shi ban tambaya ba. Ba za a yi na biyu ina tsaye ba." Ta ciro wayarta ta kira Injiniya.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Aka kawo fanka daga gidana aka sa a wani soket. Ƙwan lantarkin falon ya yi ƙasa sau ɗaya, ya yi ja, sai ya dawo. Ina jin ana shirya maƙwabcina a ciki, ina jin ana cewa lokaci na tafiya. Wani yaro mai rarrafe ya nufo wayar wutar fiyanon, uwarsa ta sure shi. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya sunkuyo, domin na ƙi miƙewa.

Injiniya ya iso yana haki, da man gyara a hannunsa, a daidai lokacin da aka fito da maƙwabcina. Na miƙe tsaye, amma ban matsa daga wurin ba. Na ga an wuce da shi ta gaban fiyanon, an karkata a bakin ƙofa saboda ƙuncinta, na ji takun mutane yana sauka a matakala.

"Kada ka kashe, kada ka danna lambar kowane gida," na ce da Injiniya.

"Na sani, Malam. Tun ranar nan nake karanta littafin na'urar nan, ko barcin kirki ba na yi." Ya goge hannunsa a wando, ya sunkuya, ya danna wani maɓalli a can gefe, ya murɗa, ya sake dannawa. "Na buɗe makullin. Wane gida?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya tsaya. "A ƙirgensa ko a ƙirgen faifai? Gilashin nan daga ɗaya yake farawa, saƙon faifai kuma daga sifiri. Arba'in da ɗayan faifai, arba'in da biyu ce a nan."

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, wanda zan tambaya kuma yana ƙasan bene a kafaɗun mutane.

"Sa ta a duka biyun," in ji Auta daga bayanmu.

Ya sa ta a duka biyun. Ya duba, ya sake dubawa, ya mayar da makullin, sa'an nan ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu. Ni kuwa na sauka na bi su da sauri gwargwadon abin da gwiwa ta yarda, na cim musu a kwanar titi.

Sai bayan makonni, da baƙi suka ɗauke ƙafa, gidan ya koma shiru, Maman Auta ta aiko Auta ta kira ni. Na tarar an mayar da kujeru, an cire matasan daga kujerarsa. Tana zaune a bakin tabarma da kwandon wanki a gabanta, tana ninke kaya.

"Malam, abin da ya ce a kira ni in ji. Ina so in ji."

Auta ta ɗauko faifai daga kwalin takalmi ta sa, ta rage ƙara. Gilashin ya nuna arba'in da ɗaya. Waƙar ta fara da ƙararrawar kamfani a madadin ganga, da wasu baƙin sautuka suna karo da juna, sai muryar ta shigo ta tsakiyarsu.

"Kashe sauran," in ji Maman Auta. "Ana iyawa?"

Ana iyawa, domin kowane sauti da layinsa. Auta ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ita kaɗai, tana hawa tana sauka, tana yin shiru a wuraren da ganga ya kamata ta amsa mata.

"Mama, ita ce?"

Maman Auta ta kasa kunne. Hannunta ya tsaya a kan wata riga.

"Ta da ba ta haki," ta ce. "Waccan yaro ne ya yi ta. Wannan tana jan numfashi kamar yadda yake ja."

"In kashe?"

"Wa ya ce ki kashe?"

Ta ci gaba da ninki. Rigarsa ce mai dogon hannu, wuyanta ya ɗan cinye. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta haɗa hannayen biyu a kan ƙirjin rigar, ta bi su da tafinta tana lallashe su har suka kwanta.